Hutun da Ya Wuce Wata Uku

Na daɗe ina jin yadda kuke ba da labarin shekarar da na zauna a hilla, ƙauyenmu na Sudan, musamman kai Babikir da ke Asha, da yake ƙanana ne ku a lokacin. Kukan ce Baba ya tafi hutu ya ƙi dawowa, aka yanke mana kuɗi, aka karɓe mota, Mama ta sha wahala ita kaɗai. Wani lokaci kuma kukan ɗora wa baffanku, Ammu Haruna, wai shi ya riƙe ni. Duk asarar da kuke faɗi an yi ta, ban musa ko ɗaya ba. Sai dai wanda ya yanke shawarar ba shi ne wanda kuke zato ba, kuma na san uwarku ba za ta taɓa gaya muku da bakinta ba. Shi ya sa na zauna ina rubutawa da hannun hagu, a hankali, don ku sami labarin yadda yake.

Kun san an haife ni a wata hillar Hausawa arewa da garin Makwar, gefen tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki. Babanmu yana da hawasha, wato gonar da mashru'i, hukumar noman rani ta gwamnati, ke ba manomi, kuma a cikinta muka tashi ni da yayana Haruna. Da auduga ta daina ciyar da gida biyu sai na bar wa Haruna hawashar na fita neman abinci, har tafiya ta kai ni Ingila, na sami aikin tuƙa motar ɗaga kaya a wani babban sito. Uwarku Hawwa Bahaushiya ce, amma a birnin Madani ta girma, Larabci ya fi zama a bakinta. Saboda haka a gidanmu na Ingila ni da ita Larabci muke yi, ku kuma Turanci, Hausa kuwa sai ranar Juma'a in na kira Inna, kakarku, a waya. Ban taɓa lura cewa yarena ya koma na mutum ɗaya ba sai da ciwo ya zo.

Wata safiya ina sa takalmi zan fita aiki, hannun dama ya saki. Na so in kira Hawwa, sai na ji wani sauti ya fito daga bakina wanda ba nawa ba. A asibiti suka ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ƙafar dama ta ja baya, hannun ya dunƙule, magana ta tafi. Ina ji, ina ganewa, kalmar da nake so tana nan a cikin kaina ina ganinta, amma ba hanyar da za ta bi ta fito. Da aka sallame ni, Hawwa da yayarku Zainab suka yi ta cike takardu har aka sa mana tallafi iri biyu: kuɗin rashin lafiya, saboda ba na iya aiki, da kuɗin naƙasa, saboda ina bukatar mai kula da ni. A cikin na biyun ne aka ba mu motar da keken guragu ke shiga. Ba zan raina kuɗin nan ba har abada. Da su kuka ci, da su aka kunna wutar ɗumama ɗaki. Akwai kuma wata baturiya mai haƙuri da ke zuwa koya mini magana, ta ɗaga kati mai hoton kofi ko kare ta jira. Ina duban katin, ina dubanta, har lokacinta ya ƙare. Haka na yi sanyi biyu a bakin taga ina kallon motocin mutane.

Inna ce ta tayar da maganar tafiya. Idonta ya yi rauni, hoton waya ba ya gamsar da ita. Wata Juma'a Hawwa ta kira ta kamar kullum tana ba ta labarin jikina, sai Inna ta katse ta.

"Hawwa, in ya mutu na kuke ɓoye mani, ku hwaɗi. Shekara biyu ban ji muryar ɗana ba. Ku kawo mani shi in taɓa da hannuna."

Zainab tana shekarar ƙarshe kafin jami'a a lokacin, kuma ita ce mai bin doka a gidanmu. Kafin a sayi tikiti sai da ta kira ofishin tallafi ta tambaye su, sannan ta zo ta zauna gabana ta yi mini bayani dalla-dalla, don ta san ina ganewa ko da ba na amsawa.

"Yaba, sun ce ba laifi ka yi tafiya, amma sai an sanar da su. Kuɗin rashin lafiya za su ci gaba da biya har sati huɗu kawai. Na naƙasa ya fi tsawo, kamar wata uku. In ka wuce haka za su tsayar, sai dai in magani ne ya kai ka wajen likita. Kuma in sun tsayar, sai an sake nema tun daga farko. Ka ji? Sati huɗu za mu yi mu dawo."

Na ɗaga mata kai. Ni kaina ban ga abin da zai zaunar da ni fiye da haka ba.

Da damina muka sauka, 'yan shekaru kafin yaƙin nan. Daga Khartum muka bi hanyar Madani muka miƙe kudu, amma inda kwalta ta ƙare nan mota ta ce ba ta san zancen ba. Kun tuna lakar yankinmu na Jazira, baƙa mai kama ƙafa. Keken guragun da muka ɗauko tun daga Ingila ko taku ɗaya bai yi a cikinta ba. Yaya Haruna ya zo da karo, amalanken jaki, ya ɗauke ni kamar buhun dawa ya aza, haka na shiga garin da na fita da ƙafafuna. Mutane sun fito ƙofar gida suna gaisuwa, ni kuwa na sunkuyar da kai. Na ɗauka Inna za ta yi kuka. Ba ta yi ba. Ta shafa fuskata, ta bi kafaɗa ta sauko har hannun da ya dunƙule, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, suka sake rufewa.

"To, Manu, ka zo," in ji ta, don haka take kirana tun ina yaro. "Ka yi ƙiba. Su mi suke ba ka can?"

Washegari ta sa aka fitar da angarib, gadon nan na igiya, ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gida, aka zaunar da ni. Ta kawo kwandon gyaɗar iri ta ajiye a cinyata ta ce in ɓare. Hawwa ta ce mata a hankali, Hajja, hannunsa ba ya aiki. Inna ta ce ai biyu Allah ya ba shi, ɗaya ya riƙe ɗaya ya ɓare. Sannan ta ja bambar, 'yar kujerarta ta tsuguno, ta zauna gefena ta fara zuba. Inna ba ta ɗaga mini kati ba, ba ta taɓa cewa in gwada faɗin wani abu ba, ba ta kuma jira amsa ba. Labarin wanda ya mutu, wanda ya sayar da saniyarsa da arha, rigimar ruwa tsakanin hawasharmu da ta maƙwabci, yadda kakarta ta taho daga ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka ta ƙare a bakin kogin nan. Daga safe har azahar Hausa na zuba a kunnena, irin wadda na ji tun kafin in san akwai wani yare a duniya. Da la'asar dattawa su zo shan jabana, gahawar nan ta ɗan tulu, su ma su ɗora nasu. Ba wanda ya rage murya saboda ni, ba wanda ya yi mini magana kamar jariri.

A sati na uku abin ya faru. Ana zaune ana shan jabana, Yaya Haruna ya ɗauko labarin ranar da muka faɗa tur'a muna yara. Ya ce ni ne na zame, ruwa ya ja ni, shi kuwa ya yi tsalle ya kamo ni da wuyan riga. Ya ƙawata shi sosai, har da yadda nake kuka ina kiran Inna. Alhali kowa a gidanmu ya san shi ne ya faɗa, ni na miƙa masa karan dawa na jawo shi, ya kuma roƙe ni kada in gaya wa Baba. Ina jin shi, wani abu yana taso mini daga ƙirji, zafi-zafi. Ban shirya ba, ban nemi kalma ba.

"Ƙarya kake!"

Mai zuba jabana ya tsaya da tulun a sama. Hawwa tana bakin madafa, ta saki abin da ke hannunta. Yaya Haruna ya juyo ya dube ni.

"Mi ka ce?"

"Ƙarya... kai... kai ka faɗa."

Sai ya fashe da kuka, babban mutum mai furfura, ya rungume ni yana cewa wallahi ƙarya nake, ƙarya nake, ƙara hwaɗi. Inna kuwa ko motsi ba ta yi ba daga kan bambar ɗinta.

"Shekara biyu ka yi shiru, abin da ka fara buɗe baki da shi zagin wanka? Haka munka koya maka?"

Amma na ga gefen tobinta, mayafin da ta lulluɓa da shi, ya tafi wajen ido. Har yau ban sani ba ko Yaya da gangan ya juya labarin. Na tambaye shi sau da yawa, kullum sai ya ce shi dai haka ya tuna.

Daga ranar kalmomi suka fara zuwa, ba da yawa ba, kuma duk da Hausa. Ruwa. Inna. Ya isa. Sai ga sati huɗu sun ƙare, makaranta na jiranku. Hawwa ta dube ni ta dubi akwatuna, ta ce ita za ta koma da ku, ni in ƙara kwanaki, kuɗin rashin lafiya in ya tsaya ya tsaya, na naƙasa ai da sauran lokaci. Zainab ba ta ji daɗi ba, amma da suka isa ita ce ta kira ofis ta sanar da su, aka tsayar da na farkon kamar yadda suka faɗa tun farko.

A hillarmu shabaka, wato sabis ɗin waya, ba ta kamawa sai a kan gaɓar tur'a, inda ƙasa ta yi tudu. In ina son jin muryar Hawwa sai an kai ni can. Da farko Yaya ke ɗora ni a karo duk la'asar. Wata rana ya ce jaki na hawasha, in jira gobe. Gobe ma ya ce haka. Ran na uku na ɗauki sandar Baba marigayi na miƙe. Na faɗi kafin in kai ƙofar gida, matar Yaya ta yi salati za ta taso, Inna ta ce ta zauna, ƙasar gidan ubansa ce. Sai da na yi kwanaki ina kaiwa bakin masallaci in huta in dawo kafin na iya isa gaɓar. Ranar da na isa, jallabiyata duk laka, na danna lambar da hannun hagu. Ta ɗauka tana cewa Haruna, yaya jikin nasa, don ta saba shi ke fara magana.

"Hawwa," na ce. "Ni ne."

Daga baya ta ce mini a cikin kanti take, ta zauna a ƙasa tsakanin kantocin kaya har wani ma'aikaci ya zo yana tambayarta ko lafiya. Hausarta ba ta da ƙarfi, Larabcina kuma bai dawo ba tukuna, saboda haka hirarmu ta farko kamar ta baƙi biyu ce a tasha. Amma kullum sai mun yi. A hankali Larabcin ya biyo bayan Hausar, kalma-kalma, kamar ya ga hanya ta buɗe.

Ana fara cirar gyaɗa wata uku suka matso. Nan gidan ya rabu. Yaya Haruna ya ce abin mai sauƙi ne, a yi shiru kawai. Wa zai gaya wa turawa ina nake? Ya ji labarin mutanen da ke shekara a Sudan kuɗinsu na shiga. Zainab ta ce masa a waya, Ammu, fasfo ɗinsa zai gaya musu, kuma ranar da suka gano za su ce mu mayar da duk abin da aka biya, su kuma kira shi zamba, sunan Yaba ne zai ɓaci. Sai Yaya ya kawo wata dabara: tun da an ce mai neman magani ana ƙara masa lokaci, mu je Madani mu samo takardar likita. Muka hau mota muka je. Likitan ya duba ni sosai, ya sa na matse yatsunsa, ya sa na yi tafiya a ɗakin, ya karanta takardun da na zo da su daga Ingila yana kaɗa kai.

"Ma sha Allah. Wa ke yi maka magani a nan?"

"Uwata," na ce.

Ya yi dariya, ba ta raini ba. Ya ce duk abin da take yi ta ci gaba. Zai iya rubuta abin da ya gani, cewa na sami sauƙi ƙwarai, amma ba zai rubuta cewa magani a wajensa ne ya kawo ni ƙasar ba, don ba haka ba ne. Da muka gaya wa Zainab, ta ce takardar samun sauƙi ba za ta ƙara mini kwana ko ɗaya ba, sai ma ta sa a rage kuɗin. Yaya ya yi ta mita a hanyar dawowa, wai wace irin ƙasa ce mutum in ya warke a hukunta shi. Na ce masa ba hukunci ba ne, kuɗin marar lafiya ne, kuma na mazaunin can. Wannan ita ce magana mafi tsawo da na yi tun da na kwanta, har shi kansa ya manta da mitar ya tsaya yana kallona.

Na kwana biyu ina tunani. Na san abin da ke jiran Hawwa in na wuce lokacin. Mota za ta tafi. Gidan da muke ciki zai fi ƙarfinta. Zainab ta sami gurbi a jami'a. Ku biyu kuna bukatar takalman sanyi. Na kuma san abin da ke jirana in na koma: tagar nan, da sanyi mai ɗaure ƙafa, da gidan da kowa ke fita da safe a bar ni da talabijin. Amma na ce a raina namiji ba ya zama a inuwar uwarsa yana ɓarar gyaɗa matarsa na ɗauke da gida. Na gaya wa Inna zan koma. Ta ce, "Kai ka sani," ta ci gaba da tankaɗen garinta. Da la'asar na tafi gaɓar tur'a, Yaya na biye da ni, muka kira su da bidiyo. Hawwa da Zainab suka matso cikin hoton. Na riga na shirya kalmomina tun safe.

"Ku sayi tikiti. Zan dawo kafin lokaci ya cika."

Zainab ta sauke ajiyar zuciya, na ga kafaɗunta sun sauka. Hawwa kuwa ta ce wa Zainab ta ba ta wayar ta fita. Ta ce wa Yaya shi ma ya ɗan ba mu wuri. Sannan ta dube ni, ta yi magana da Hausarta mai ɗingishi, ina jin don kada in ce ban gane ba.

"Abu Zainab, shekara biyu ina wanke ka, ina ba ka abinci a baki, ban yi ƙorafi ba. Abu ɗaya na roƙi Allah, in sake jin ka kira sunana. Yanzu ka fara, kana so ka dawo ka zauna bakin taga ka sake yin shiru saboda gurush, saboda 'yan kuɗi? Ni na ga abin da gidan nan ya yi maka. Ba ka dawowa yanzu."

"Mota," na ce. "Haya. Yara."

"Akwai bas. Akwai ƙaramin gida. Na riga na nemi aiki a gidan kula da tsofaffi, sun ɗauke ni, ran Litinin zan fara. Aikin da na yi maka kyauta shi za su biya ni in yi."

"Hawwa, nauyi..."

"Halas, magana ta ƙare. Ka zauna wajen Hajja har ka iya yi mini gardama da baki cike. Ranar nan ka dawo."

Ta kashe wayar kafin in haɗa wata kalmar. Na zauna a gaɓar har rana ta yi ja, ruwa na wucewa ƙasana zuwa gonakin mutane.

Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku, ni labari na ji. Zainab ta yi fushi da uwarta kwana da kwanaki, amma ita ce dai ta sake kiran ofis ta gaya musu gaskiya kafin ranar ta cika. Aka tsayar da kuɗin naƙasa, aka zo aka tafi da mota. Kuka koma gidan nan mai ɗaki biyu a saman shagon wanki, inda Babikir ke kwana a falo. Hawwa na fita tun duhun safiya ta hau bas biyu. Sannan Zainab, ba tare da ta yi shawara da kowa ba, ta rubuta wa jami'a ta ɗage shigarta da shekara guda, ta kama aiki a kantin magani. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, kuma da na ji na ce lallai zan taho. Ita ce ta kira ni.

"Yaba, na riga na yi, ba a warwarewa. In ka dawo yanzu shekarata ta tafi a banza. Ka yi tafiya, ka yi magana, shi ne biyana."

To, sai na ɗauki abin kamar aiki. Da asuba masallaci da ƙafa. Da hantsi hawasha, ina bin masu yankan dawa ina tattara zangarniya da hannu ɗaya. Da auduga ta buɗe Inna ta ce tsinkarta ta fi kowane magani ga yatsu, sai na shiga layi tare da mata da yara suna yi mini dariya, ni da ke cika buhu kafin kowa a da, yanzu ina fama da ƙulli ɗaya. Hannun daman bai dawo duka ba, har yau ma bai dawo ba, amma ya koyi riƙe kofi da kama bakin buhu. Turanci ne ya zo a ƙarshe, da ƙyar, ta hanyar hira da ke Asha, da kike karanta mini littafin makarantarki a waya kina gyara mini kamar malama. Ba a gama tsinkar auduga ba sai da na yi wa Hawwa gardama ta sosai a kan kuɗin makarantar allo ta Babikir, muka yi ta musu har katin waya ya ƙare. Washegari ta turo tikiti.

Ranar tafiya Yaya ya yanka rago aka yi karama, sadakar godiya ga Allah. Inna ta raka ni har bakin ƙofa, abin da ba ta yi ba ko ranar da na fara barin gida. Ta kama hannun daman ta buɗe yatsun, suka tsaya a buɗe. Ta ce in gaida Hawwa, in ce mata ta gode. Inna ba ta cika gode wa mutane ba. Bayan shekara biyu Allah ya karɓi abarsa, cikin lafiya, a ɗakinta, kafin tashin hankali ya iso Jazira. Duk Juma'ar da ta rage mata mun yi hira.

Da na dawo sai aka fara neman tallafi daga farko, kamar ba su taɓa sanina ba. Takardu, tambayar yaushe na fita, yaushe na shigo, me ya zaunar da ni, sannan jira na watanni ba ko sisi. A ƙarshe aka kira ni ganawa da mai tantancewa. Muka tafi mu uku a bas, ni da Hawwa da Zainab. Zainab ta riƙe fayil, ta shirya yin magana a madadina kamar yadda ta saba. Matar ta dubi Zainab ta tambaye ta ko mahaifinta na iya sa tufafi da kansa. Kafin Zainab ta buɗe baki na amsa da Turancina mai tsalle-tsalle, na ce ina iyawa, sai dai maɓalli. Matar ta juyo da kujerarta ta fuskance ni. Ta tambayi tafiya, na gaya mata. Ta tambayi wanka, girki, hawa bene, na gaya mata abin da nake iyawa da abin da ya fi ƙarfina, ban ƙara ba ban rage ba. Ina gani Zainab ta rufe fayil ɗin ta ɗora a cinya. Ta san kowace amsa tawa tana rage abin da za a ba mu, ga hawaye na zubo mata, ga ta tana murmushi, har matar ta miƙa mata takardar share ido.

Haka kuwa aka yi. Da amsa ta zo, kuɗin naƙasa ƙaramin mataki aka ba ni, ba mota, kuma aka ce ina iya ɗan aiki. Na samu a shagon wani ɗan Sudan, mutumin garin Rufa'a, rabin yini, ina zaune a bakin ma'auni ina sayar da waika, wato busasshiyar kuɓewa, da garin yin kisra, wainar Sudan, ina surutu da masu saye. Zainab ta shiga jami'arta a shekara ta gaba ta gama. Ba mu koma babban gida ba sai da ta fara aiki.

Amma ranar ganawar nan, a bas ɗin komawa gida, ban san duk wannan ba tukuna. Ina dai zaune tsakaninsu ina ta ba su labarin yadda matar ta juyo da kujera, kamar ba a gabansu aka yi ba, na faɗa da Larabci na sake da Hausa. Hawwa ta gaji, ta taso daga aiki ne kai tsaye, ƙafafunta sun kumbura a cikin takalmi. Ta jingina kanta da gilashi ta lumshe ido.

"Abu Zainab, bakin nan naka ya ci mana mota, ya ci mana gida, yau kuma ya ci rabin abin da ya rage. Ba za ka ɗan yi shiru ba?"

Na yi shiru. Ba mu kai tasha ta gaba ba ta buɗe ido ɗaya ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Wa ya ce ka daina? Ci gaba. Sai matar ta ce me?"